Daga Zauren Lugga zuwa Ikko: Alhaji Abubakar Imam da Wakilcin Zazzau, 1951 zuwa 1954

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun Alhaji Abubakar Imam a shekaru ukun da ya yi yana ɗan majalisa, lokacin da ya zauna a majalisar Jihar Arewa a Kaduna, daga can kuma aka ɗauke shi zuwa Majalisar Wakilai ta ƙasa a Ikko. Ta duba matakalar da ya taka ya hau, da wanda ya kafa matakalar, da wanda ke riƙe da ita daga ƙasa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, Imam ya fi zama bakin talakawa a kan teburin edita fiye da kan kujerar majalisa, kuma tsarin zaɓen 1951 ne ya jawo haka.

Gabatarwa



Duk yaron da ya shiga aji a ƙasar Hausa ya san Abubakar Imam, amma ta ƙofa ɗaya ya san shi, ƙofar adabi. Ka ambaci sunansa, sai a ce maka Ruwan Bagaja, sai a ce Magana Jari Ce. Idan mai amsar ya ɗan manyanta ya ƙara da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kaɗan ne za su tuna cewa mutumin nan ya taɓa zama ɗan majalisa, a Kaduna da Ikko a lokaci guda, kuma a daidai shekarun da Nijeriya ta kusa rabewa. Na zaɓi in yi magana a kan wannan ɓangare na rayuwarsa domin ina ganin mun yi masa rowar nazari, mun bar wa masana tarihin siyasa, su kuma sun ɗauke shi marubuci sun bar mana.

Ni ɗan cikin birni ne, ta wajen Ƙofar Kibo na tashi. Tsakanin ganuwarmu da harabar Kamfanin Gaskiya ba wata tafiya ba ce, yaro ma yana zuwa da ƙafa. Amma a zamanin da nake magana a kai, wannan ’yar tazara ta raba duniya biyu. Turawa sun tsara Zariya gida uku: birni na Zage-zagi da sarautarsu da alƙalansu, Tudun Wada na ’yan Arewa baƙi, ma’aikata da ’yan kasuwa, sai Sabon Gari ta wajen tashar jirgin ƙasa, inda mutanen Kudu suka fi yawa. Imam mutumin bayan ganuwa ne. A Kagara aka haife shi a 1911, aiki ne ya kawo shi Zariya, a Tudun Wada ya zauna. Yadda aka yi baƙo, wanda ba ɗan sarauta ba a nan, ya wakilci ƙasar Zazzau har Ikko, shi ne farkon abin tambaya.

Jarida kafin majalisa

Ba zan daɗe a kan tarihin karatunsa ba, sananne ne. Ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, ya shiga gasar ƙaga labari ta 1933 wadda Hukumar Fassara ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. East ya ga hannunsa, ya nemi aronsa zuwa Zariya don rubuta Magana Jari Ce. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939, shi aka ba aikin edita, ya riƙe shi kimanin shekara goma sha biyu.

Inda nake so mu tsaya shi ne mene ne jarida a Arewa a 1939. A lokacin babu majalisar da ɗan Arewa ke zama a cikinta da sunan wakilci. Majalisar Dokoki ta Ikko ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ne ke yi da sa hannunsa. Talaka in yana da kuka, hanyarsa ɗaya ce: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, in ta yi tsawo Di’o ko Razdan. To idan kukan a kan ɗaya daga cikin waɗannan ne fa? Sai haƙuri. Ana cikin haka sai ga takarda ta kwabo ɗaya, cikin Hausa, wadda malamin makaranta a Azare ko malamin asibiti a Gusau zai iya aika mata wasiƙa, a buga, a karanta a Kano da Yola. Dattawan unguwarmu sun sha ba mu labarin yadda ake yi: mutum ɗaya ya iya boko, sai ya zauna a zaure bayan la’asar yana karantawa da ƙarfi, mutum goma ko fiye suna saurare, ana tsayar da shi ana gardama. Kwafi ɗaya yakan ratsa unguwa guda kafin ya yage.

Jaridar ta gwamnati ce, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu babban aikinta shi ne kai wa jama’a labarin yaƙi yadda Ingila ke so a ji shi. Duk da haka, wanda ke zaune yana buɗe wasiƙun masu karatu kullum ya fi kowane Razdan sanin abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Imam ya koyi wata dabara ta faɗa wa masu mulki gaskiya ba tare da an rufe masa baki ba: ya yabi abin yabo, ya kawo misali, ya bi da nasiha, sannan ya ajiye maganar a inda ba za a iya tsallake ta ba. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san wannan hali, don aku ne ke riƙe da ɗan sarki da labari har hatsari ya wuce, kuma a ƙarshe akun nan waziri ya zama. Ina ganin a nan falsafar siyasar Imam take tun kafin a yi jam’iyya: gyara daga cikin gida, ta bakin mai ba da shawara.

A 1943 aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam na cikinsu, tare da Nnamdi Azikiwe. Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa’adin mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu. An daɗe ana kawo wannan a matsayin shaidar cewa shi ɗan amshin shatan Turawa ne. Amma a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, wanda ya kafa mulkin En’e da hannunsa, ya zayyana masa illolin tsarin: yadda samarin da suka yi ilmin zamani ba su da ta cewa, da yadda talaka ba shi da mafaka idan mai sarauta ya zalunce shi. Wanda ke neman yardar Turawa kawai ba zai je gaban mai gini ya nuna masa inda gininsa ya tsage ba. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abin da ya hana shi sa hannu, a fahimtata, shi ne tambayar da ta bi shi har ƙarshen aikinsa: idan Bature ya tashi yau, wa zai zauna a kujerarsa a Arewa? A tashar jirgi, a gidan waya, a asibiti, a ofisoshin Kaduna, akawuna da ƙwararru galibi mutanen Kudu ne. Ya sha rubuta wannan a jaridarsa, wani lokaci da zafin da mai karatu na yau zai ji ya yi yawa.

Daga irin wannan damuwa aka haifi Jam’iyyar Mutanen Arewa. Taruka biyu ne a 1948, ɗaya a Zariya a kewayen Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, mutumin Wusasa, ɗaya a Kaduna a kewayen Malam D.A. Rafi. Suka haɗe, aka yi babban taro a Kaduna a 1949, Dikko ya zama shugaba, Imam na cikin shugabannin farko, haka Malam Aminu Kano da Malam Sa’adu Zungur. Abin da suka ce za su yaƙa uku ne: jahilci, lalaci da zalunci. A lura da na ukun. Kalmar zalunci a bakin ma’aikatan 1949 ba ta bukatar fassara, kowa ya san inda ta dosa, sarakuna ma sun sani, shi ya sa suka yi wa ƙungiyar kallon hadarin kaji. A watan Agusta 1950 samarin Kano suka kafa jam’iyyar NEPU, kafin shekarar ta ƙare hanya ta rabu: masu cewa a gyara En’e, da masu cewa a tumɓuke ikonta. Imam ya tsaya da na farko.

Matakalar 1951

A watan Janairu 1950 aka yi babban taron Ibadan don sake tsarin mulki. A can ne Sarkin Zazzau Ja’afaru ɗan Isiyaku, da goyon bayan Sarkin Katsina, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to a koma yadda ake kafin 1914. Daga baya aka ba ta. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya tanadi zaɓaɓɓun wakilai 136 a Ikko: 68 daga Arewa, 34 daga Gabas, 34 daga Yamma. Saboda haka kujerar da Imam ya zauna a kai a Ikko, Sarkin birnin nan na cikin waɗanda suka yi cinikinta.

Yanzu ga yadda ake hawa. Babu wanda ya jefa wa ɗan majalisar Ikko ƙuri’a a 1951. Zaɓen hawa-hawa aka yi. Maza masu biyan haraji su taru a unguwa ko ƙauye, a bainar jama’a, su fitar da wakilai. Waɗannan su je gunduma su fitar da wasu daga cikinsu. Daga nan a hau zuwa matakin masarauta, sannan matakin lardi. A wasu wurare sai an yi hawa biyar. Taron ƙarshe na lardi shi ke zaɓen waɗanda za su tafi Zauren Lugga a Kaduna, inda aka tanadi zaɓaɓɓun kujeru 90. Sannan majalisar haɗin gwiwa ta sarakuna da wakilai ta zauna ta tsamo mutum 68 na Ikko daga cikin ’yan majalisun biyu. Kowane ɗan majalisar ƙasa daga Arewa, ke nan, ɗan majalisar jiha ne tukuna, kuma yana riƙe da kujerun biyu tare.

Akwai wani ƙarin da ya fi duk sauran tasiri. A taron ƙarshe na lardi, doka ta ba En’e izinin shigo da mutanenta, kimanin kashi goma cikin ɗari, waɗanda ba su bi ta kowane mataki na ƙasa ba, kuma suna da damar zaɓe da damar a zaɓe su. Hujjar da aka bayar ita ce kada a rasa masu ilmi da ƙwarewa a majalisa. Abin da ya faru a Kano ya nuna amfanin da aka yi da ita: NEPU ta yi rawar gani a matakan farko cikin birni, amma da aka kai matakin ƙarshe ba ta fita da kujera ko ɗaya ba. Ganin nasarar NEPU a matakan farko ne ma ya sa aka gaggauta mayar da Jam’iyyar Mutanen Arewa jam’iyyar siyasa, wato NPC, ranar 1 ga Oktoba 1951, ana tsakiyar zaɓe, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo. Ma’aikatan gwamnati irin su Dokta Dikko dole suka janye. Majalisar da ta fito daga wannan zaɓe, mafi yawanta ma’aikatan En’e ne da masu sarauta.

Ta wannan matakala Imam ya hau daga lardin Zazzau. Ba na shakkar cewa da ƙuri’ar kai tsaye aka yi, sunansa kaɗai zai jawo masa jama’a, don babu ɗan boko a Arewa da aka fi sani a lokacin in ba sarakuna ba. Amma ba a gwada ba, kuma wannan rashin gwadawa shi ne zuciyar maganata. Dattijon da ya tsaya a filin unguwa a cikin birni ya nuna wanda yake so, daga ranar nan an gama da shi. Bai san wanda wakilinsa ya zaɓa a mataki na gaba ba, balle na gaba da shi. Shi kuma wanda ya isa Kaduna ya san sarai hannun da ya ɗora shi: taron lardi, inda idon fada ke kan kowa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan majalisar da aka zaɓa a haka, fuskarsa sama take kallo, wajen sarki da Razdan da shugabannin jam’iyya, ko da zuciyarsa tana ƙasa.

Me ya sa fada ta yarda da baƙo? Amsar tana cikin harshe. Majalisar Kaduna da Hausa da Ingilishi take aiki, akwai tafinta. Majalisar Ikko Ingilishi zalla. A can za a haɗu da lauyoyi da ’yan jarida da masu digiri na Kudu, waɗanda gardama cikin Ingilishi ita ce sana’arsu. Arewa ta samu kujera 68, sai ta waiga tana neman mutum 68 da za su iya tashi tsaye su yi magana. Rumbun da za a ɗiba ƙarami ne, kusan duk tsofaffin ɗaliban Kwalejin Katsina ne da magajiyarta. A cikin wannan rumbu, mutumin da ya shekara goma sha biyu yana juya maganar gwamnati daga Ingilishi zuwa Hausa, yana juya kukan jama’a daga Hausa zuwa kunnen Bature, ba a tsallake shi. Tafinta ake nema, Zariya kuwa ita ce garin tafintoci, albarkacin Hukumar Fassara da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945.

Ikko, da abin da ya faru a watan Maris 1953

Majalisar Wakilai ta fara zama a farkon 1952. Daga Arewa aka naɗa ministocin tsakiya huɗu: Tafawa Ɓalewa, Muhammadu Ribaɗu, Shettima Kashim Ibrahim, da Sarkin Katsina Usman Nagogo. Imam bai zama minista ba, a Ikko ko a Kaduna. Ɗan majalisa ne na kujerun baya, a majalisar da ke zama ’yan makonni a shekara, wadda kuma ba ta da jam’iyya mai mulki, don kowace jiha da tata jam’iyyar, ministoci kuwa jihohinsu suke wa biyayya. Zuwa Ikko tafiya ce ta kwana da kwanaki a jirgin ƙasa daga tashar Zariya, a sauka a garin da abincinsa da yanayinsa da jaridunsa duk ba na gida ba ne.

Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam’iyyar AG ya kawo batun cewa Nijeriya ta sa 1956 a matsayin shekarar samun mulkin kai. Sardauna ya kawo gyara, a cire shekarar, a ce da zarar hali ya yi. Wani ɗan Arewa ya nemi a ɗage muhawarar. A nan ina roƙon ɗalibai su kiyaye, don na sha ganin an rikita: wanda ya nemi ɗagewar Malam Ibrahim Imam ne na Borno, ba Abubakar Imam ba. ’Yan jam’iyyun AG da NCNC suka fice daga zauren, ministocin Yamma suka ajiye aiki. Da wakilan Arewa suka fito, taron jama’a ya yi musu ihu da zagi, ana kiransu ’yan koren Turawa, jaridun Ikko suka ɗora daga nan. Har a tashoshin jirgi a hanyar komawa gida ba su tsira ba.

Mu tsaya mu auna abin da wannan rana ke nufi ga mutum kamar Imam. Kusan shekara goma kafin nan, a Landan, an miƙa masa takarda mai wa’adin mulkin kai ya ƙi sa hannu, da hujjarsa a bakinsa, ya kuma dawo gida yana da jaridar da zai yi wa jama’a bayani. Yanzu ga tambayar nan ta dawo, amsarsa ba ta sake ba, sai dai wannan karon shi ɗaya ne cikin 68, amsar kuma ta jam’iyya ce, shugaba ne ke faɗinta. Matsayin ya zo daidai da ra’ayinsa, amma muryar ba tasa ba ce. Na ɗauki wannan a matsayin babban abin da kujera ta rage masa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. AG ta shirya rangadin Arewa ƙarƙashin S.L. Akintola, rikici ya ɓarke a Kano a tsakiyar watan Mayu, aka kwana huɗu ana yi tsakanin birni da Fagge da Sabon Gari. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. A cikin watan nan majalisun Arewa biyu suka amince da shiri mai sharuɗɗa takwas, wanda ya nemi kowace jiha ta riƙe al’amuranta, a bar wa tsakiya ’yar hukuma mai kula da tsaro da harkokin waje da kwastan, babu majalisar dokoki ta tsakiya sam. A duba wannan da kyau. Mutanen da suka zauna a Zauren Lugga suka amince da haka, a cikinsu akwai waɗanda su ne ’yan majalisar tsakiyar. Wato sun yarda a rushe ɗakin da suke zama a ciki. Ba na jin akwai shaidar da ta fi wannan nuna inda wakilan Arewa na farko suka ɗauka gidansu yake. Ikko wurin aike ne, Kaduna ce gida.

Sakataren mulkin mallaka Oliver Lyttelton ya kira taro a Landan a watannin Yuli da Agusta 1953, aka ƙarasa a Ikko a farkon 1954. Arewa ta janye batun rushe majalisar tsakiya, aka ba jihohi iko mai faɗi, Nijeriya ta zama tarayya daga Oktoba 1954. Sabuwar Majalisar Wakilai ta samu zaɓaɓɓun kujeru 184, Arewa na da 92. Abin da ya fi shafar maudu’inmu shi ne an raba zaɓen tarayya da na jiha, an kuma hana mutum riƙe kujera biyu. Matakalar da ta bi ta Kaduna zuwa Ikko ta karye. Dole kowa ya zaɓa. Sardauna ya zauna Kaduna ya zama Firimiya, ya tura mataimakinsa Tafawa Ɓalewa Ikko, wannan zaɓi kaɗai ya isa ya gaya mana wace kujera NPC ta ɗauka babba.

Wanda ya sauka da wanda ya zarce

Imam bai zaɓi ko ɗaya ba. A 1954 ya bar siyasar majalisa ya koma aikin littattafai a hukumar NORLA a nan Zariya, a daidai lokacin da yaƙi da jahilci ya kankama, ana bukatar abin da sababbin masu karatu za su karanta. Ba da daɗewa ba aka naɗa shi a hukumar ɗaukar ma’aikatan gwamnatin Jihar Arewa, daga baya ya shugabance ta.

Akwai masu ganin wannan ja da baya ne, malami ya gwada siyasa ya ga ba zai iya ba. Ban yarda ba. A tuna tambayar da ta hana shi sa hannu a 1943: wa zai zauna a ofis idan Bature ya tashi? Majalisar Ikko ba ta da amsar wannan. Amsar tana wurare biyu, wurin da ake koya wa mutane karatu da wurin da ake ɗaukar ma’aikata, kuma nan ya nufa, ɗaya bayan ɗaya. Manufar fifita ’yan Arewa a aikin gwamnati, wadda gwamnatin Sardauna ta riƙe da ƙarfi, ta hannun wannan hukuma aka zartar da ita. Manufar tana da masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce: ma’aikata ’yan Kudu da yawa da suka yi shekaru suna hidima a Arewa sun ji an nuna musu ƙofa, an kuma fi son ɗauko Bature na wucin gadi a kan ɗan ƙasa daga wata jiha. Mai nazarin Imam ba zai karɓi yabon hangen nesansa ya bar wannan nauyi a ƙasa ba, tare suke tafiya.

Sai dai akwai asarar da nake ji a raina duk lokacin da na zo nan. Ɓangare na biyu na abin da ya kai wa Lugga, wato kukan talaka a kan En’e, ya yi rauni a bakinsa tun daga ranar da ya hau matakalar da En’e ke riƙe da ita. Tafawa Ɓalewa ya tayar da batun gyaran En’e a majalisar Kaduna a watan Agusta 1950, an yi wasu gyare-gyare, amma kotunan alƙalai da ’yan doka da gidajen yari sun ci gaba da zama a hannun hukumomin gargajiya har bayan faɗuwar jamhuriya ta farko. Waɗanda suka ɗauki wannan kuka suka yi ta yi da ƙarfi su ne ’yan NEPU, kuma sun biya da jikinsu. A Sabon Garin Zariya akwai Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri da duka saboda siyasa, alhali ita kanta doka ba ta ba ta ƙuri’a ba.  Ita tana da jama’a ba ta da kujera. Shi ya samu kujera, amma ta hanyar da ta raba shi da jama’ar da ke rubuto masa wasiƙa.

Wanda ya zarce a hanyar Ikko abokin aikinsa ne a Gaskiya, Malam Nuhu Bamalli, marubucin Bala da Babiya da Mungo Park Mabuɗin Kwara. Shi ma tafinta ne, shi ma daga teburin fassara ya fito, amma ɗan cikin ganuwa ne, jinin gidan Mallawa, wanda ya zama Magajin Garin Zazzau. Ya yi aikin shirya jam’iyyar NPC, ya wakilci Zariya a Majalisar Wakilai, ya zama ƙaramin minista a ma’aikatar harkokin waje bayan samun ’yancin kai, a 1965 ya zama ministan harkokin waje, ya yi jawabi da sunan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kan wannan kujera har juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Ɗansa, Ahmed Nuhu Bamalli, shi ne Sarkin Zazzau tun 2020. Idan aka jera mutanen nan biyu, za a ga abin da siyasar jam’iyya ta fara nema bayan 1954. Iya Ingilishi da sanin duniya sun isa su kai mutum Ikko a 1952. Zama a can shekara da shekaru kuwa sai mai saiwa a cikin gari, mai dangi da unguwa da sarauta, wanda kuma ya yarda ya ba jam’iyya rayuwarsa. Bamalli yana da waɗannan duka. Imam yana da masu karatu daga Sakkwato har Adamawa, amma masu karatu ba mazaɓa ba ce.

Zaɓen tarayya na 1954 ma a Arewa hawa-hawa aka yi shi. Sai ranar 12 ga Disamba 1959 magidanci a cikin birnin nan ya shiga rumfa shi kaɗai, da takarda a hannunsa, ya tarar da akwatuna jere, wannan da hoton fartanya ta NPC, wancan da tauraron NEPU, ya jefa wa wanda zai tafi Ikko ƙuri’a ba tare da wani ya tsaya a tsakani ba. Kujeru 312 aka yi takara a kansu a ranar, 174 a Arewa. Matarsa tana gida, ita sai a ƙarshen shekarun 1970 aka kira ta rumfar. Imam kuwa a ranar yana hukumar ɗaukar ma’aikata, inda doka ta hana shi shiga jam’iyya, kuma bai sake neman kujerar majalisa ba har ya rasu a 1981.